Muƙamuƙin da ya rasa aikin yi

Bahaushe ba ya tauna tuwo. Ya yanko loma, ya dangwali miya, ya haɗiye. Duk mai nazarin haƙoran mutanen ƙasar nan daga nan ya kamata ya fara, domin in tuwo ne kaɗai abincin kakanninmu, da muƙamuƙinsu bai yi ƙwarin da aka san shi da shi ba. Aikin tauna yana wajen akushi ne: goruba, aya, rake, gasasshiyar masara, ƙwaruru, gyaɗa, kilishi da ganda. Yaron da ya tashi a Kafin Maiyaki ko ƙauyukan Doguwa shekara hamsin baya, bakinsa ba ya hutawa tsakanin kalaci da kalaci, kuma duk abin da yake gaigaya sai ya sha wuya kafin ya wuce maƙogwaro.

Girman haƙori gado ne, amma ƙashin da ke ɗauke da shi yana girma ne gwargwadon nauyin da aka ɗora masa a ƙuruciya. A 2004 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan rema, dabbar nan ta duwatsu. Waɗanda aka raina da dafaffen abinci mai laushi, ƙasusuwan fuskarsu sun gaza na masu cin ɗanye da kusan kashi 10 cikin 100. A 2011 Noreen von Cramon-Taubadel ta auna ƙoƙunan kai na al'ummu 11, ta tarar muƙamuƙin manoma ya fi na maharba gajarta. Haƙora 32 suna nan yadda suke, ɗakinsu ne ya tsuke. Shi ya sa suke hawa kan juna, turmin ƙarshe da ke fitowa bayan balaga ya rasa wuri, ya kwanta a karkace cikin dasashi.

A kudancin Kano canjin ya shigo ta ƙofa biyu. Ta farko injin niƙa ne, wanda ya kori dutsen niƙa da tsakinsa. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, shinkafa, wadda ita ma laushi gare ta, ta ƙara yawa, har Tudun Wada ta yi suna da ita. Ta biyu kuwa titi ne. Kafin Maiyaki na bakin hanyar Kano zuwa Zariya, kusa da Kwanar Dangora inda ake ratsewa zuwa Jos, kuma duk abin da mota ta ɗauko sai ta sauke wani abu a nan: burodi, biskit, alawa, lemon kwalba, taliyar leda. Teburin mai shayi ya zama wurin karin kumallo. A ganina asarar ba a tukunyar tuwo take ba, a aljihun ɗan makaranta take, inda biskit ya gaje wurin goruba.

Laushi yana tsuke muƙamuƙi, sukari kuma yana huda haƙori, cuta biyu ce daban. Abin da muke kira tsutsar haƙori ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukari su fitar da ruwa mai tsami, shi ke zaizaye farin haƙori har ya yi kogo. Yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin ɓarna: alawa biyar a lokuta biyar sun fi biyar a zama ɗaya illa, don yawu bai samu sararin gyara ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau kada sukarin da mutum ke sha ya wuce kimanin giram 25 a rana, wato ƙaramin cokali shida. Kwalbar lemo guda ta kai haka, ko ta zarce. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnati ta ɗora wa irin wannan lemo a dokar kuɗi ta 2021 bai isa ya tsorata kowa ba. Wani zai ce ai rake ma zaƙi ne. Gaskiya ne, sai dai mai shan rake yana biyan kuɗinsa da tauna da kwararar yawu, mai lemo kuwa kurɓa kawai yake yi. Kuma sukarin da ya huda haƙori shi ne dai ke tara ƙiba, ya share wa ciwon sukari hanya.

Kada a ɗauka jiya aljanna ce. Yashin dutsen niƙa ya cinye turamen tsofaffi, ciwon dasashi ya zubar da haƙora masu yawa, kuma cutar noma mai cin fuskar yara masu fama da yunwa tana nan, har tana da asibiti nata a Sakkwato tun 1999. Aswaki, wanda sunna ta riƙe mana, yana wanke dattin haƙori sosai in an iya shi, amma ba ya gina ƙashi. Ginin ƙashi yana farawa ne tun daga shan nono, ya ɗore zuwa shekarun da haƙoran nono ke zubewa, tsakanin shida da goma sha biyu, daidai lokacin da ake ba yaro kuɗin tara ya tsaya a shagon ƙofar makaranta.