Duwatsun Birnin Kudu da Kayan Binciken Zamani

Birnin Kudu tsohon gari ne, yana kudu maso gabas da Kano. Da can cikin Lardin Kano yake, shi da Gwaram da ke maƙwabtaka da shi, amma tun 1991 da aka yanke Jihar Jigawa suka koma cikinta. Ƙasar tana da manyan duwatsu, waɗansu sun hau kan waɗansu har sun yi rumfuna, inda makiyayi kan fake in hadari ya taso. A jikin waɗansu daga cikin rumfunan nan, kamar na Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu wanda mutanen dā suka yi. Mutanen gari sun san da zanen tun kaka da kakanni.

A watan Yuni na 1955 wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos, yana duba zanen nan, sai ya lura da waɗansu duwatsu kusa da shi masu ƴan ramuka sumul sumul a jikinsu. In an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, kowane wuri da irin muryarsa. Ramukan kuwa gurbin duka ne na shekaru masu yawa. A 1956 ya buga labarin cikin wata mujallar masana ta Ingila. Daga nan aka yi ta samun irinsu a Uganda da Sudan da sauran wurare, sunan Birnin Kudu ya shiga littattafan jami'o'in duniya.

To, yaya za a koyar da ɗalibi abin da ke manne a jikin dutse, ba ya ɗaukuwa? Nan ne kayan aiki suka shigo.

Na fari shi ne na'urar ɗaukar hoto. Kafin ta yawaita, da hannu akan kwafi zane, hannu kuwa yakan ƙara, yakan rage, ko da mai shi bai yi niyya ba. Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Da yawa daga cikin shanun da aka zana a Birnin Kudu dogayen ƙahoni gare su, amma ba su da tozo. Shanu masu tozo, irin waɗanda Filani ke kiwo yanzu, asalinsu daga wajen Indiya ne, sun kuwa tarad da marasa tozo a Afirka. Har yau akwai sauran marasa tozo a kurmi, kamar muturu. Watau in mai kwafi ya ɗora wa saniya tozo don haka idonsa ya saba gani, ya ɓata shaida ke nan, ya kuma gusar da zanen daga zamaninsa. Hoto ba ya yin wannan karambani.

Na biyu ya fi ban mamaki. A 1949 wani masani a Amurka, Willard Libby, ya nuna yadda za a auna shekarun abin da ya taɓa rayuwa. Kowane itace da kowace dabba suna ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14. Ran da suka mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730. In an sami gawayi ko ƙashi cikin ƙasa, aka auna abin da ya saura, sai a ƙiyasta shekarunsa. Da wannan dabara Fagg ya tabbatar mutanen Taruga, kusa da Abuja, suna narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amma dabarar tana da iyaka. Jan launin da masu zanen dutse suka fi amfani da shi daga jar ƙasa yake, ƙasa kuwa ba ta taɓa rai ba. Saboda haka dole mai bincike ya koma kan siffar shanun, da wane zane ya hau kan wane, da abin da aka tono a gindin rumfar. Malamin kirki yakan nuna wa ɗalibansa wannan iyaka tun ranar farko.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, aka kuma naɗa Thurstan Shaw shehun malamin ilmin tono kayan tarihi a Ibadan a 1963, sai ilmin ya fara komawa hannun ƴan ƙasa. Karatun wannan fanni ba na hadda ba ne. Ana fita da ɗalibai daji, su auna, su tona, su tankaɗe ƙasa, su rubuta abin da suka gani, sa'an nan su kare maganarsu gaban malamai. Wanda ya sha rana haka ba ya saurin yarda da magana don kurum ya gan ta a littafi.

Kwamfuta ta ƙara faɗaɗa aikin. A 2005 aka fito da wata manhaja mai suna DStretch, wadda kan ƙarfafa launin hoto har zanen da ya koɗe, wanda ido ba ya gani, ya bayyana. A 2013 kuma babban gidan kayan tarihi na London ya shiga zuba hotunan zanen dutse na Afirka wajen 25,000 a intanet. Ɗalibin da ke zaune Zariya ko Dutse yana iya jera saniyar Birnin Kudu da ta hamadar Sahara, ya gwada ƙahoninsu, bai biya kuɗin mota ba.

Duk da haka akwai abin da allon kwamfuta ba ya bayarwa. Ba ya faɗin waƙar da ƴan mata ke yi in sun je dutsen, ko lokacin da ake kaɗa shi, ko abin da ya sa aka daina. Wannan yana bakin dattawan Birnin Kudu da na Gwaram da ƙauyukansu, su kuwa kullum raguwa suke. A nan ɗan ƙasa ya fi baƙo, don ya san gaisuwa, ya san zauren da zai yi sallama, wayar da ke aljihunsa kuma ta isa ɗaukar murya da hoto. Shi kansa zanen ba a tsare yake daga rana da ruwa da hayaƙi ba, ga yara masu rubuta sunayensu, ga kuma masu fasa dutse don gini.

Hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya tana da cibiya a Birnin Kudu mai kula da duwatsun nan da yi wa baƙi bayani. Jami'ar Tarayya ta Dutse kuwa, wadda aka kafa a 2011, tana kusa ƙwarai, har malami ya iya fita da ajinsa da hantsi, su yi aikin yini, su komo kafin magariba.