Tikitin dala 849 da gurmin Haruna Uji: wa ke biya, wa ke sauraro?

1/ Duk Sallah sai an yi wannan rigimar. Wani ya ɗora hoton tikitin VIP na wasan wani mawaƙi, a yi masa caa. Wasu su ce kuɗinsa ne, ina ruwanku. Wasu su ce almubazzaranci ne, ana fama da kuɗin masara. Ni Bahaɗeje ne, bari in kawo muku tarihin gardamar nan. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara daga nesa. A 2015 aka buɗe wasan Hamilton a Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York. Wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa da rawa daga farko har ƙarshe, Lin-Manuel Miranda ya rubuta shi a kan rayuwar Alexander Hamilton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka.

3/ A 2016 kujera mafi tsada ta kai dala 849. In ka ɗauki dala a kan naira 1,500, ya haura naira miliyan 1.2. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. Wato albashin wata 18 kenan, ba ci ba sha, don kallon dare ɗaya.

4/ Abin da ya ƙara zafin gardamar: labarin maraya ne ɗan ci-rani da ya tashi ba shi da ko sisi, 'yan wasan galibi baƙaƙe ne da 'yan Latin, kiɗan kuma hip-hop ne na 'yan unguwa. Amma masu zama a kujerun yawanci masu hannu da shuni ne. Sai aka ce to wa aka yi wa wasan?

5/ Mu ma an yi irinta. A watan Afrilun 2011 aka kawo wasan Fela! daga Broadway zuwa Legas, aka yi shi a Eko Hotel. Fela da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa talaka waƙa, ga labarinsa a otal ɗin manya. An dai kai wasan New Afrika Shrine a Ikeja, inda mutanensa suke.

6/ To mu dawo gida. Kar wani ya ce muku da can kiɗa na kowa ne daidai wa daida. Ina! A fadar Haɗeja, kamar sauran masarautu, tambari da kakaki kayan sarauta ne. Kome dukiyar attajiri ba za a busa masa kakaki a ƙofar gida ba. Gata a harkar kiɗa ya girmi tikiti nesa ba kusa ba.

7/ Amma ku lura da yadda tsarin yake. Sarki ne ke ɗaukar nauyin makaɗan fada: riga, doki, hatsi, wani lokaci har gida. Ranar hawan Sallah kuwa a fili ake kiɗan. Mai kwasar kifi da ɗan dako da almajiri duk suna tsaye suna ji. Mutum ɗaya ya biya, gari guda ya saurara.

8/ Haka abin yake a ƙauyukan fadama, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri. Makaɗin noma yana bin 'yan gayya gona yana zuga su, sai kaka ta yi a sallame shi da dami. Wanda ya samu da yawa ya ba da da yawa. Wanda ambaliya ta cinye wa shinkafa ba a korarsa daga dandali.

9/ Shi ya sa wasanni irin kalankuwa da kokawa da dambe suke zuwa bayan girbi. Manomi da masunci ba sa ɗaukar albashi, kuɗinsu lokaci gare shi. Tsarin kiɗan ya san haka, sai ya jira su. Tikitin yau ba ya jiran kowa, farashinsa ɗaya ne ko rumbu ya cika ko bai cika ba.

10/ To me mai kuɗi yake saya a wancan tsarin? Suna. Shi ake ambata, shi ake wa kirari, a jero iyaye da kakanni. Dubi waƙoƙin Mamman Shata, nawa ne a cikinsu na sarakuna da attajirai? Talaka yana jin waƙar kyauta, amma da wuya sunansa ya fito a ciki. Nan gatan yake.

11/ Kuma tsarin yana da haƙora. Maroƙi in ka hana shi, zambo na nan yana jiranka a bainar jama'a. Kyautar da muke yabo a yau, wani sa'in tsoron kunya ne ya fitar da ita daga aljihu. Duk da haka sakamakon ɗaya ne: dukiyar mai ita ta koma kiɗan da kowa ya ji.

12/ Akwai kuma waɗanda ba kuɗi ne ya tsare su ba. Matan aure da ke kulle ba sa zuwa dandali. Nasu kiɗan a cikin gida yake, kiɗan ƙwarya da amada a wajen biki, irin wanda Barmani Choge ta shahara da shi. In ana lissafin wa aka bari a waje, a riƙa tunawa da su.

13/ Yaushe ƙofa ta shigo? Babban misali shi ne silima. An buɗe Rex a Kano a 1937. Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya, masu cike da waƙa da rawa. Karon farko kenan da jama'a da yawa suka saba da sayen tikiti kafin su ji waƙa.

14/ Silima ta zo da sabon abu: kujera mai tsada daban, benci mai araha daban. Mai kuɗi ya daina biya wa kowa, ya koma biya wa kansa wurin zama. Daga nan 'yan dambe da 'yan wasa ma suka koyi kewaye fili da zana ko langa-langa a sa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa.

15/ Kar mu zalunci tikiti fa, ya yi wa mawaƙi rana. Wanda ke cin abinci daga kuɗin ƙofa ba dole ne ya durƙusa gaban wani alhaji ba. Yana iya waƙar soyayya ko ta zaman duniya, masu sauraro su haɗa masa kuɗi kaɗan-kaɗan. 'Yanci ne wannan, ba ƙarami ba.

16/ Sai rediyo da kaset suka sake rushe katangar. Ga namu nan, Haruna Uji na Haɗeja, da gurminsa, ɗan ƙoƙo da tsirkiya. Waƙarsa ta Jummai ta zaga ƙasar Hausa ta rediyo da kaset. Direba a tasha da masunci a bakin kogi sun ji ta ba tare da sun tsaya a wata ƙofa ba.

17/ Yau waya ta gaji kaset. Ka ba mai tura waƙa 'yan canji ya cika maka memori. Ko Hamilton ɗin ma Disney ta sayi hoton wasan a kan dala miliyan 75, ta sake shi a Disney+ ranar 3 ga Yulin 2020. To in waƙar tana ko'ina, me ake saya da tikitin VIP?

18/ Abin da attajirin da yake saya: a gan shi, a ambace shi. Tebur a gaba, liƙi, mawaƙi ya kira sunanka, ka ɗora a Instagram. Bambancin kawai, na da in ya sayi suna gari ne ke cin moriyar kiɗan. Na yau ya sayi sunan, an kuma rufe ƙofa a bayansa.

19/ Masu Hamilton da suka sha suka sun ɗan gyara. Lokacin da suka kai kujera dala 849, sun ware kujeru 46 a kowane wasa a kan dala 10, ana fitar da su ta ƙuri'a. Gidauniyar Rockefeller kuma ta ba da kusan dala miliyan 1.5 don ɗalibai 20,000 na makarantun gwamnati su kalla.

20/ Bai share gardamar ba, amma dai dabara ce da kakanninmu suka riga su sani: mai hali ya ɗauki nauyin marar hali. Shi ya sa ni ba na ɓata lokaci wajen zagin yaron da ya tara kuɗinsa ya sayi tikiti. Tambayata tana wajen masu shirya wasa da masu sayen tebur.

21/ Kujera nawa kuka ware wa ɗan makaranta? In an yi daren otal a Kano ko Dutse, yaushe za a yi na yamma a fili a Haɗeja, bayan an yanke shinkafa, lokacin da mutane ke da abin kashewa? An tanadi wurin da mata za su zauna cikin mutunci?

22/ Kai kuma mai tebur ɗin miliyan, in suna kake so, kakanninka sun fi ka iya saye. Ɗauki nauyin wasa guda a garinku, a buɗe ƙofa, ka ga yadda za a daɗe ana ambatonka. 'Yan Haɗeja, Gumel, Nguru: wane wasa kuka fara shiga da tikiti, nawa kuka biya? Ku faɗa mana a ƙasa 👇