Asalin Muƙamin Admiral: Daga Fadar Sisili Zuwa Teku

Admiral yana daga cikin muƙamai mafiya girma a rundunar sojin ruwa, daidai da Janar a sojin ƙasa. Ko da yake a bakin Turawa aka san shi, tushen kalmar Larabci ne, wato "amir", shugaba ko kwamanda, wadda ita ce ke cikin laƙabin Amirul Muminina.

Kalmar ta shiga harsunan Turai ne ta tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya. Musulmi sun fara cin tsibirin a shekarar 827, daga baya Palermo ta zama fadar mulkinsu. Da Normawa suka ƙwace birnin a 1072, ba su rushe tsarin da suka tarar ba. Sai suka naɗa masa hakimi da laƙabin amir, wanda marubutan Latin suka riƙa rubutawa "ammiratus". A lokacin, aikin mai wannan muƙami na tudu ne: gudanar da mulki da kula da dukiyar sarki.

Wanda ya haɗa laƙabin da teku shi ne George na Antakiya, Kirista mai jin Larabci da Girkanci. Ya yi wa sarakunan Mahdiya, a Tunisiya ta yau, hidima kafin ya koma Sisili, inda Sarki Roger na Biyu ya ɗaukaka shi zuwa "amirin amirai", wato babban waziri. Jiragen yaƙin masarautar na hannunsa, da su ya ci Tarabulus a 1146 da Mahdiya a 1148. Sunan da ya yi a waɗannan yaƙe-yaƙe ya sa aka riƙa ɗaukar muƙamin a matsayin na shugaban mayaƙan ruwa.

A ƙarni na 13 laƙabin ya bazu zuwa Jenowa, Faransa da Kastila. A Ingila, an kira William de Leybourne da shi a 1297. Harafin "d" kuwa ya shigo ne saboda kamannin kalmar da "admirari" ta Latin, mai nufin sha'awa da mamaki.

Da yake sarakunan zamanin ba su da rundunar ruwa ta dindindin, admiral ne ke tara jiragen 'yan kasuwa idan yaƙi ya taso, shi ne kuma ke yanke hukunci kan fashin teku da rigingimun jiragen ruwa. Daga nan kotunan harkokin teku na Ingila suka samo asali a ƙarni na 14. A Najeriya, irin waɗannan shari'u na ƙarƙashin Babbar Kotun Tarayya.