Babbaƙu, farfaru da rikicin karatun Ingilishi

A garin Bonkuku, cikin kwarin Dallol Boso, yaron da ya shiga ajin farko na kwalej ya riga ya koyi karatu sau biyu. Na farko a makarantar allo, inda malam ya fara masa da babbaƙu, yana kiran kowane harafi da sunansa, su lam ara, mim jaye da ha kuri, sa'an nan farfaru, wato wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri, kafin a sake shi ya haɗa baƙi da kansa. Na biyu a lakwal, inda mushe yake rubuta gaɓoɓin faransanci a babban allo, aji na maimaitawa. A kwalej ne yake cin karo da na uku, Ingilishi, kuma galibi shi kaɗai ne ba a tsaya an koya masa yadda ake karanta shi ba. Ana ɗauka cewa tun da haruffan ɗaya ne, wanda ya iya wancan ya iya wannan.

Haruffan kawai ne ɗaya. Kalmar «four» tanda ce a faransanci, a Ingilishi kuwa huɗu ce. «Pain» burodi ne can, ciwo ne nan. «Chat» kyanwa ce can, hira ce nan, kuma babu ko ɗaya da ake furtawa iri ɗaya a harsunan biyu. Yaron yana kallon rubutun Ingilishi, bakinsa na fitar da faransanci. A da ana iya cewa abin bai wuce jarrabawar BEPC ba. Amma tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya mai da hausa harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da faransanci a matsayin harsunan aiki, tambayar yadda ake koyar da karatun Ingilishi ta zama ta Kurfai da Imanan kamar yadda take ta London.

Wuyar rubutun Ingilishi gadon tarihi ce. Harshen yana da sauti wajen 44, haruffansa kuwa 26. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, marubuta masu hannun faransanci suka shigar da tasu al'adar rubutu. William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a ƙasar a 1476, daidai lokacin da dogayen wasulan harshen suke sauya furuci, sauyin da ya ɗauki ƙarni biyu ko fiye. Rubutu ya daskare, baki ya ci gaba da tafiya. Harafin k na farkon «knee» a da ana furta shi, yau ya yi shiru. Harafin b na cikin «debt» kuwa malamai ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin. Shi ya sa haruffa huɗu ɗin nan na ƙarshen «though», «through», «tough» da «cough» suke da furuci huɗu dabam-dabam. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka buga a 2003 ya gwada yara na ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta: ƴan Finlan, Girka, Italiya da Jamus sun karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin da aka ba su daidai, ƴan Faransa wajen kashi 79, masu Ingilishi kuwa kashi 34 kacal.

Daga wannan wuya ce wata dabara ta fito, mai daɗin ji a kunne. Tun da haruffa suna yaudara, me zai hana a bar su, yaro ya haddace surar kalma sukutum kamar yadda yake gane fuskar mutum? Horace Mann, jagoran ilimi a jihar Masacusets ta Amurka, ya yi ta kare wannan ra'ayi a wajajen 1840. A 1886 James Cattell ya nuna a ɗakin gwaji cewa ƙwararren mai karatu yana gane gajeriyar kalma da saurin da yake gane harafi guda, aka ɗauki wannan a matsayin hujja. Daga 1930 littattafan «Dick and Jane» suka mamaye makarantun Amurka, da ƴan kalmomi kaɗan da ake ta nanatawa har ido ya saba da su. Kuskuren da ke ciki kowane mai sana'a zai gane shi: an dubi yadda gwani yake aiki, aka ce haka ɗan koyo zai fara, alhali maƙerin da ke bugun ƙarfe ba tare da duba hannunsa ba da zuga-zugi ya soma.

A 1955 Rudolf Flesch ya fitar da littafinsa «Why Johnny Can't Read», yana zargin makarantu da hana yara mabuɗin karatu, wato dangantakar harafi da sauti. Jeanne Chall ta jami'ar Harvard ta tattara binciken shekaru hamsin a 1967, ta ga cewa yaran da aka fara musu da sauti sun fi iya karatu, musamman ƴaƴan talakawa waɗanda babu littafi a gidajensu. A wannan shekara kuma Kenneth Goodman ya ce karatu wani nau'in cinke ne, mai karatu yana hasashen kalma daga ma'anar jimla. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye a kwalejojin horon malamai shekaru da dama. Jihar Kalifoniya ta ɗora manhajarta a kansa a 1987, a gwajin ƙasa na 1994 sai ga ta cikin na ƙarshe.

Abin da ya raba gardama shi ne na'urorin da ke bin motsin ido. Tun wajajen 1879 Émile Javal ya lura a Paris cewa ido ba ya zamewa a kan layi, tsalle-tsalle yake yi. Binciken da aka yi daga shekarun 1970 ya nuna cewa gwanin karatu yana tsayawa a kan mafi yawan kalmomi, yana ɗaukar haruffansu duka a lokaci guda, da saurin da shi kansa ba ya jin yana yi. Mai rauni ne yake dogara da cinke. Kwamitin ƙasa na Amurka a 2000, da rahoton Jim Rose a Ingila a 2006, duk sun goyi bayan koyar da sauti daki-daki. Daga 2012 ana gwada ƴan shekara shida a Ingila da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana, don kada hadda ta taimaki kowa. Kashi 58 suka ci a shekarar farko, kashi 82 a 2019. Faransa ma ta yi tata rigimar, har minista Gilles de Robien ya fitar da takardar umurni a Janairun 2006 a kan hanyar kalma sukutum.

Mai karanta wannan tarihi a Filinge yana iya murmushi ya ce, ashe Turawa sun yi tafiyar shekara ɗari da hamsin ne don su iso inda malamin allo yake zaune. Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Yaron Ingila da ya haɗa haruffa uku ya furta «dog» nan take yake ganin kare a zuciyarsa, domin kalmar tana bakinsa tun yana rarrafe. Duk binciken can an gina shi bisa yaron da yake jin harshen da yake karantawa. Almajiri yana iya sauke Alƙur'ani da kyakkyawan furuci, fahimtar larabci kuwa sai ya zauna gaban malamin ilimi, kuma makarantar allo ba ta taɓa ɓoye wannan ba: matakai biyu ne, kowa ya san su. Lakwal ce ta yi kamar mataki ɗaya ne. Littafin «Mamadou et Bineta» na André Davesne, wanda ya fito a wajajen 1930 ya kuma raini zuriya bayan zuriya a Afirka ta Yamma, hanyar gaɓoɓi ya bi, kuma ba a nan aibinsa yake ba. Aibin shi ne yaro yana haɗa gaɓoɓin harshen da bai taɓa ji a gida ba, ga kuma «symbole» da ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi harshen uwarsa. Talabijin ɗin makaranta da aka soma a Yamai a 1964 ya gane matsalar, ya sa magana gaba da rubutu, amma da faransanci dai. Gwajin PASEC na 2014 ya samu cewa a ƙarshen firamare, ƙasa da yaro ɗaya cikin goma a Nijar ne ya kai matakin karatu da fahimta. A 2019 adadin ya tashi zuwa wajen uku cikin goma. Burundi, inda ake fara karatu da kirundi, ita ce ta yi zarra a ƙananan azuzuwa a gwajin 2014.

Ƙetaren iyaka an bi wata hanya. Hanns Vischer, wanda Kanawa suke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya buga ƙa'idojin rubutun hausa a 1912. Hukumar talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta samar da littattafan karatu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939. Turawan mulki suna da nasu dalilan siyasa na jinkirta Ingilishi, kuma Arewa ta biya farashin wannan jinkiri. Duk da haka yaro yana koyon karatu da harshen da yake ji, cikin rubutun da kusan kowane harafi yake da sauti guda, Ingilishi ya zo a manyan azuzuwa. Rubutun hausa ma yana da giɓinsa, tun da ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti: «gari» na iya zama na zama ko na tuwo, «kuka» na iya zama itace ko hawaye. Bahaushe ba ya tuntuɓe a nan, saboda harshen nasa ne. Abin da yake cike masa giɓin shi ne yake cike wa ɗan Ingila nasa.

Nijar ba ta rasa masu wannan tunani ba. Taron Bamako na Unesco a 1966 ya tsara haruffan harsunan yankin. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da hausa a Damagaram, daga baya zabarmanci, fillanci, tamajak da barbarci suka bi. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, aka tabbatar da ƙa'idojin rubutunsu a 1999. Sai dai sunan gwaji ya daɗe maƙale da waɗannan makarantu, iyaye da yawa kuma suna musu kallon lakwal ta biyu. A Imanan abin ya ƙara sarƙewa, domin a kasuwar Bonkuku ana cinikin dankalin turawa da tamajak, zabarmanci da hausa, aji guda yana iya ƙunsar duka ukun, Abzinawa kuma suna da nasu tsohon rubutu na tifinag. Zaɓen harshen farawa a irin wannan gari magana ce da sai an zauna da iyaye.

Shi kansa Ingilishi ba ta ƙofar lakwal ya fara shigowa yammacin Nijar ba. Ƴan ci-rani da suke sauka Kumasi da Ankara tun zamanin mulkin mallaka, waɗanda Jean Rouch ya bi sawunsu a shekarun 1950, da masu fatauci zuwa Sakkwato da Ikko, sun dawo da shi a baki ba tare da sun iya karanta ko layi guda ba. Jikokinsu a kwalej suna da akasin haka, rubutu ba kunne. Malamin ajin farko yana da abin da zai fara da shi, domin duk da ɓaragurbinsa, mafi yawan rubutun Ingilishi yana bin ƙa'ida. Ɗalibinsa ya riga ya san harafin e mara sauti daga faransanci, inda yake farkar da baƙin ƙarshe, «petit» ya zama «petite». A Ingilishi wasalin tsakiya yake sauyawa: «mat» da «mate», «bit» da «bite», «not» da «note». Awa guda ta isa a nuna wannan a allo, muddin yaran sun fara jin kalmomin a kunne, sun kuma san abin da kowace take nufi.