Reformed Ogboni Fraternity

Reformed Ogboni Fraternity ƙungiya ce ta 'yan'uwantaka a Najeriya, wadda T. A. J. Ogunbiyi, limamin cocin Anglika, ya kafa a Legas a 1914. Ta samo suna da wasu muƙamanta daga tsohuwar Ogboni ta ƙasar Yarabawa, majalisar dattawa da ke yin shari'a, har ma da taka wa sarki birki. Da farko ta Kiristoci ce zalla, daga baya aka buɗe ta ga mabiya sauran addinai.

Ba a shigarta kai tsaye. Sai wani ɗan ƙungiya ya gabatar da mutum, ya tsaya masa, a binciki halinsa, sannan a rantsar da shi a reshen garinsu. Ana kiran reshe Iledi. Shugabansa Oluwo, Apena na taimaka masa. Ba a buɗe sabon reshe sai da amincewar uwar ƙungiya, wadda Olori Oluwo ke jagoranta. Sir Adeyemo Alakija da Sir Adetokunbo Ademola, tsohon Alƙalin Alƙalan Najeriya, duk sun riƙe wannan kujera.

Jama'a da yawa na ɗaukarta ƙungiyar asiri, amma 'ya'yanta suna musanta hakan.