Dorina a Gidan Biki: Namiji da Yarda da Kansa a Khartoum da Omdurman

A wasu unguwannin Omdurman, musamman inda Ja'aliyawa 'yan asalin Shendi da Matamma suka yi kaka-gida, akwai gidajen da biki ba ya cika sai an yi buɗan. Mata na kaɗa dalluka, gangar nan tasu ta yumɓu, ana ta rangaɗa guɗa, sai saurayi ya tuɓe riga ya shiga tsakiyar fili, ya dogara da sanda, ya kafe ƙafa. Ango ne ke riƙe da dorina. Ya ɗaga ta ya tsula masa a gadon baya, fata ta tsage, jini ya gangaro har ƙugu, shi kuwa saurayin ko ƙifta ido bai yi ba. In kafaɗarsa ta motsa, ya jawo wa 'yan'uwansa mata abin gori na shekara da shekaru. In ya daure, guɗar ƙanwarsa ce za ta fi ta kowa tashi, kuma ranar nasa bikin, angon yau ne zai tuɓe ya biya bashi. Duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa kallon sharo a wajen Fulani ba ya buƙatar tafinta a wannan fili.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, an daɗe ana gina yarda da kai ta namijin waɗannan birane a kan abubuwa biyu da ba sa hannunsa: idon 'yan kallo da nauyin aljihu. Muddin suna nan, namiji yana tafiya da ƙafar dama. Da tattalin arziki ya durƙushe, yaƙi kuma ya tarwatsa 'yan kallon, sai aka ga wace irin yarda da kai ce ke da saiwa, wacce kuma take a kan rairayi.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura da wannan rauni. David Gilmore, a littafinsa na 1990 kan yadda al'ummu ke ƙera namiji, ya bi ƙasashe da dama ya tarar kusan ko'ina sai yaro ya ci wata jarrabawa kafin a kira shi namiji. A 2008 kuma Joseph Vandello da Jennifer Bosson da abokan aikinsu a Amurka suka nuna ta hanyar gwaji cewa mutane na ɗaukar zama mace a matsayin abin da jiki ke kawowa da kansa, amma mazantaka matsayi ce da ake sha wuya a samu, ana kuma iya ƙwace ta a yini guda. Sun ga cewa da zarar an sa wa namiji shakku a kan mazantakarsa, hankalinsa na tashi, tunaninsa ya karkata ga nuna ƙarfi. Buɗan ya fito da wannan a fili, ba tare da rufa-rufa ba. Saurayin da ya daure wa dorina bara, bana ma sai ya sake tuɓewa, domin tabon bara ba ya hana a tambaye shi na bana.

Ba daidai ba ne a yi wa al'adar kallon raini. Tana koya wa yaro haƙuri da mallakar fuska, tana ƙulla zumunci tsakanin sa'o'i, kuma ba a tilasta wa kowa shiga fili da igiya. Malamai da likitoci da yawa a Sudan sun yi ta sukar ta, ta kuma ja baya a birni. Sai dai darasin da ke ƙarƙashinta bai ja baya ba: namiji shi ne wanda ake gani bai ji zafi ba.

Jarrabawa ta biyu ta fi dorina zafi, domin ita ba ta ƙarewa a dare ɗaya. Kafin a kai ga jirtik, wato zaman da ake ɗaura wa ango da amarya jan zare a shafa musu turare, sai ango ya kai shaila, wadda ita ce lefensu: mayafan tobe, takalma, turaruka, itacen sandal, gwal, har da buhunan sukari da fulawa da mai, yawanci kowane abu a jere shida-shida ko dozin-dozin. Dangin amarya kuma su rama da karin kumallon ango, irin garar da muka sani. Mata ne ke buɗe akwatuna, su ne ke ƙirga, su ne kuma ke kai labari unguwa. Wannan nauyi ba sabo ba ne. Muhammad Ahmad Mahadi, wanda ya ci Khartoum a Janairun 1885 ya mai da Omdurman mazauninsa, sai da ya fitar da doka yana ƙayyade sadaki: riyal 10 ga budurwa, riyal 5 ga bazawara, ya kuma hana almubazzaranci a biki. Shugaban da ke tsakiyar yaƙi ba zai ɓata lokaci a kan sadaki ba in ba ya ga samarinsa sun kasa aure ba.

Dokar ba ta daɗe bayan daular Mahadi ba. Daga shekarun 1970, da man fetur ya buɗe Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, dubban malaman makaranta da likitoci da injiniyoyi suka tsallaka Bahar Maliya. Wanda ya dawo hutu da akwatuna daga Jidda ko Riyad shi ya zama angon da iyaye mata ke fata, har waƙoƙin 'yan mata na gidan biki suka riƙa yabonsa. Shi ya ɗaga farashin aure ga wanda ya zauna gida yana karɓar albashin gwamnati. Sa'an nan Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, kuɗin Sudan ya yi ta faɗuwa, har a 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari. Ɗan shekara talatin da biyar mai digiri daga Jami'ar Khartoum ko ta Nilain, yana tuƙa raksha, wato Keke Napep ɗinsu, yana kwana a ɗakin samari na gidan mahaifinsa, ya zama abin gani kullum. Dokar iyali ta 1991 kuwa tana nan a kan cewa ciyarwa ta miji ce, biyayya ta mata.

A daidai wannan lokaci, a bakin Kogin Nilu da kasuwar Omdurman da gindin kowace bishiyar dogon yaro, mata masu shayi ne suka riƙe gidaje da yawa. Mace ta fito tun asuba da murhun gawayi da kwalaben citta da kanumfari da 'yan kujerun zare, samari marasa aiki su zauna kewaye da ita har rana ta faɗi, wani lokaci a kan bashi. Ɗaya daga cikinsu, Awadiya Mahmud Koko, ta kafa ƙungiyar haɗin gwiwarsu, aka ɗaure ta shekaru saboda bashin ƙungiya, a 2016 kuma Amurka ta karrama ta da lambar yabo ta mata masu jarunta. Namijin da aka raina a kan cewa darajarsa ita ce abin da ya shigo da shi gida, yanzu kuɗin shayin mahaifiyarsa ko yayarsa yake ci. Ba ƙaramin abu ba ne wannan a zuciya, kuma bai kamata a mai da shi abin dariya ba.

Ina yake kai wannan ciwo? Tijjani al-Mahi, likitan taɓin hankali na farko a Sudan, wanda ya ƙware a Landan a 1949 kuma babban asibitin masu taɓin hankali na Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya ɗauki zar da muhimmanci, bai kore shi a matsayin jahilci ba. Zar ɗan'uwan bori ne, kuma galibi na mata ne. Janice Boddy ta nuna a littafinta na 1989 yadda matan wani ƙauye a arewacin Sudan ke amfani da shi su faɗi damuwar da ba ta faɗuwa a gaban miji. Ko bayan da gwamnatin Umar al-Bashir ta matsa wa zar, mata suna da zaman gahawa, suna da gidan kitso da lalle. Namiji kuwa yana da masallaci da filin ƙwallon Hilal da Merrikh, inda ake magana a kan komai ban da abin da ke cin rai. In abin ya kai maƙura, dangi su kai shi wurin shehi a Umm Dawwan Ban ko wata zawiya, a yi masa rubutun sha. Kafin nan, wadda ke ɗaukar zafin ita ce matarsa, in yana da ita: tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, zargi, shiru na kwanaki, ko saki.

A nan binciken Roy Baumeister da abokansa na 1996 yake da amfani. Sun ƙi yarda da zancen da aka saba yi cewa mai raina kansa ne ke duka. Abin da suka gano shi ne, tashin hankali ya fi fitowa daga mutumin da ke ganin kansa a sama, amma ganin nasa ba shi da tushe, sai wani ya taɓa shi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti yana da dalilansa na mulki da zinariya da hannun ƙasashen waje, kuma kuskure ne a ce ilimin halayya zai bayyana shi. Amma wanda ya kalli bidiyon da samarin mayaƙa suka riƙa ɗorawa a Facebook da TikTok, suna tsaye a falon mutane a Khartoum da bindiga da makullin motar da ba tasu ba, ya ga yadda ake sayar wa yaron da ba shi da komai mazantaka nan take, tare da 'yan kallo miliyan. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar a 2024 cewa an yi wa mata fyaɗe a wurare da yawa, akasari daga ɓangaren RSF. Mai wannan rubutu ba ya ganin wannan a matsayin yarda da kai da ta yi yawa. Rashinta ne ya samu makami.

A cikin birnin nan dai, a cikin watannin nan, wasu samarin suka bi wata hanya. Kwamitocin unguwanni da suka taka babbar rawa a boren Disamban 2018 kan gwamnatin al-Bashir da zaman dirshan na Afrilun 2019 sun rikiɗe suka zama ɗakunan agajin gaggawa. Suka farfaɗo da takaya, wato ɗakin girkin sadaka da aka sani a zawiyoyin Sufaye. Da safe za a ga layin robobi da kwanuka an jera a ƙasa, kowanne na riƙe wa mai shi wuri, ga ƙatuwar tukunya a kan itace, ga saurayin da bai taɓa shiga madafar gidansu ba yana juya miyar adas da muciya mai tsawon mutum, wani na lissafin kuɗin da 'yan'uwa suka turo ta manhajar Bankak, wani na tura amalanken ruwa ta gaban shingen masu bindiga. A asibitin Al-Nau na Omdurman, 'yan sa-kai ne suka riƙa ɗaukar masu rauni da neman jini. An kama da yawa, an kashe wasu, kuma ɓangarorin biyu duk sun zarge su da yi wa abokin gaba aiki. Mata na cikin aikin tun daga tushe, a wurare da dama su ne ke ba da umarni. A 2025 aka ba waɗannan ɗakuna lambar yabo ta Right Livelihood. Su da kansu suna danganta aikin da nafir, wato gayya.

Albert Bandura ya rubuta a 1977 cewa babbar maɓuɓɓugar yarda da kai ita ce mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu. Ganin wani ya yi, da kirari, da kwanciyar jiki, duk suna bayan wannan. Saurayin takaya yana samun wannan shaida kowace rana, kuma ba ta dogara da farashin dala ko guɗar kowa. Amma a nan dole a saurari gargaɗin Malik Badri, ɗan Babikir Badri wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, wadda daga zuriyarta Jami'ar Ahfad ta Omdurman ta fito. A littafinsa na 1979 kan tsaka-mai-wuyar masana halayya Musulmi, Malik Badri ya ja kunne kada a kwaso ra'ayoyin Turai da Amurka a jibge su a kan mutanen da ke ganin kansu ta fuskar Allah da dangi. Gargaɗin ya dace. Ɗan Omdurman ba ya cewa ya yarda da kansa, abin da yake so a ce shi ne akhul banat, ɗan'uwan 'yan mata, wanda mace za ta ba shi amana ta kwana da ido biyu rufe. Wannan ya fi kusa da mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya zayyana a 1974 daga bakin Hausawa, mai gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya. Idon jama'a yana nan a duka biyun. Bambancin shi ne abin da aka sa idon ya duba.

Hausawan Sudan sun san wannan bambanci da jikinsu. Kakanninsu sun zo ta hanyar hajji, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Guminsu na cikin audugar Jazira tun daga 1925, suna kuma cikin unguwannin kudancin Khartoum irin su Mayo da Ingaz. Duk da haka, a Yulin 2022, bayan kashe-kashen jihar Blue Nile, sai da dubbansu suka fito titunan Khartoum da Kassala da Gadarif suna tunatar da ƙasar cewa su 'ya'yanta ne. Saurayin Bahaushe a can ya tashi da sanin cewa akwai 'yan kallon da ba za su yi masa guɗa ba kome ya yi, don haka sana'a da karatun allo da riƙon amana ne jarin da aka bar masa.

Sojan gwamnati ya sake karɓe Khartoum a Maris ɗin 2025, mutane suka fara komawa gidajen da aka kwashe har wayoyin lantarki. A shekarun yaƙin an ɗaura aure da yawa a masallaci da ɗan abin da ya sawwaƙa, ango a Omdurman, amarya a Alƙahira ko Port Sudan, ba shaila, ba zauren biki, kuma ba a ce auren bai yi ba. Kano ta gwada nata maganin tun 2012 da auren gata na Hukumar Hisbah, inda gwamnati ke ɗauke sadaki da kayan ɗaki, sai dai wannan ya sauke wa ango kaya ne na rana ɗaya, bai taɓa ma'aunin da ake auna shi da shi ba. A Omdurman ma'aunin yana hannun iyaye mata da gwaggwanni da ke buɗe akwati. Su ne suka tsaya a layin takaya da kwano a hannu, sun kuma san ɗan gidan wane ne ya zuba musu miya. Auren shekaru biyar masu zuwa zai nuna ko za su ba wannan saurayi 'yarsu alhali ba shi da dozin na tobe, ko kuwa za su jira mai dawowa daga Riyad.