Firjin Iskar Gas Da Wutarsa Ke Yawan Mutuwa: Dalilai Da Hanyoyin Gyara

An shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi, musamman na Ƙaramar Hukumar Taura da maƙwabtanta a Masarautar Ringim. Ya shafi tsohon firjin nan mai aiki da iskar gas, wanda aka daɗe ana dogaro da shi a ɗakunan shan magani na ƙauyuka domin adana alluran riga-kafi, kuma wasu masu shaguna da masu gidaje suka mallaka saboda rashin tsayayyar wutar lantarki. Babban kukan da ake yi da shi guda ne: a kunna wutar da yamma, a wayi gari ta mutu, abin da ke ciki ya ɗumame. Mafi yawan abin da za mu faɗa a nan ya shafi tandar murhun gas da na'urar ɗumama 'yan tsaki, domin irin ƙarfen tsaron da ke jikin firjin shi ne a jikin yawancinsu.

Yadda yake aiki

Mutane da dama na mamakin yadda wuta ke haifar da sanyi. Wannan firji ba shi da inji. A bayansa akwai bututai a rufe ruf, cike da ruwa da sinadarin amoniya da iskar haidirojin. Ƙaramar wutar da ke ci a ƙasa tana tafasa amoniyar ta hau sama, ta huce ta koma ruwa, sannan ta gangaro ta cikin ɗakin ajiya inda take sake zama tururi, ta tafi da zafin da ke wurin. Wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su ne suka ƙirƙiro shi a shekarar 1922, kamfanin Electrolux kuma ya fara ƙera shi don sayarwa a 1925. Duk aikin firjin ya rataya a kan wannan 'yar wuta da ba ta wuce tsawon gaɓar yatsa ba.

Kusa da bakin wutar akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai kama da ƙusa, wanda kansa ke cikin harshen wuta, kuma wata wayar tagulla ta haɗa shi da bawul ɗin gas. A wannan shafi za mu kira shi sandar tsaro. An yi ta da ƙarafa biyu mabambanta, kuma idan kanta ya yi zafi takan samar da lantarki ɗan kaɗan, wanda bai kai kashi 1 cikin 30 na ƙarfin batirin tocila ba. Wannan lantarki shi ke ƙarfafa wani ɗan maganaɗisu ya riƙe bawul a buɗe. Da zarar wuta ta mutu, sandar ta huce, maganaɗisun ya saki, gas ya tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa ake danne maɓalli na daƙiƙa 20 zuwa 30 bayan wuta ta kama: ana riƙe wa sandar ƙofa ne har ta yi zafi.

Kafin a taɓa komai

Iskar gas ta girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka idan ta zuba ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya, ta taru a lungu da ƙarƙashin gado da bayan firji. Warin da ake ji ma da gangan aka zuba mata shi domin a gane yoyo. Idan an ji warin, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da tagogi, kada a ƙyasta ashana, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada kuma a tayar da janareta a kusa. Ko da ba a ji wari ba, duk lokacin da wuta ta mutu a dakata minti 5 kafin a sake kunnawa. Ana neman yoyo da kumfar sabulu ne, a shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya a ga ko za ta yi ƙwai. Wanda ya nemi yoyo da ashana zai same shi, amma ba lallai ya samu damar ba da labari ba.

Lokacin da wutar ke mutuwa shi ne mabuɗi

Shawararmu ga duk mai kula da irin wannan firji ita ce, kafin ya kira mai gyara, ya lura da lokacin da wutar ke mutuwa, domin wannan kaɗai kan nuna inda cutar take.

Idan wuta na kamawa lafiya amma tana mutuwa da an saki maɓalli, to zargi na farko yana kan sandar tsaro. A duba ko kanta na cikin wutar sosai. Sau da yawa wajen shara ko ɗaukar firjin daga wannan ɗaki zuwa wancan ake ture ta, ta koma gefe inda wuta ke lasarta kawai. Idan tana wurinta, a rufe gas, a bari ta huce, a goge kanta da soson ƙarfe mai laushi domin kunkunniya na hana ta jin zafi. Daga nan a bi wayar tagullar har inda ta shiga bawul. Akwai ɗan noti a wurin, kuma da yake lantarkin ƙarami ne ƙwarai, sassaucin da ido ba ya gani ko ɗan tsatsa ya isa ya yanke shi. A ɗaure shi da hannu, sannan a ƙara masa ɗan juyi kaɗan da sifana, ba da ƙarfi ba, domin matsewa da yawa na fasa bakin wayar. In duk an yi wannan wutar ba ta tsaya ba, sandar ta ƙare. Tana ƙarewa kamar yadda fulogin babur ke ƙarewa, kuma canza ta aikin mai gyara ne. A cire tsohuwar a tafi da ita wurin saye, domin tsawonsu da bakin zarensu sun bambanta. Wani lokaci kuma maganaɗisun da ke cikin bawul ne ya mutu, wanda ba a gane shi sai an sa sabuwar sanda an ga babu canji.

Idan kuwa wutar kan ci na wasu mintuna ko sa'o'i kafin ta mutu, a dubi launinta. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, a tsaye, ba ta rawa. Wuta mai launin rawaya, mai laƙwasa, mai barin baƙi, alama ce ta cewa iska ba ta isa ba ko hanyar gas ta toshe. A yankinmu abu uku ne ke kawo wannan. Na farko ƙurar hunturu, wadda daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ke shiga kowace kafa. Na biyu saƙar gizo a cikin bututun da gas ke haɗuwa da iska. Na uku zanzaro, wanda ba ya ganin ƙaramin rami ya wuce bai yi gini ba, musamman idan firjin ya yi makonni a kashe. Ana tsabtace bakin wutar da tsohon buroshin haƙori bayan an rufe gas. Ɗan ramin da gas ke fitowa, wanda masu gyara ke kira jet, ana kwance shi a wanke da barasar asibiti a hura masa iska. Muna jan kunne sosai a nan: kada a soka masa allura ko waya. An auna faɗin ramin nan daidai da buƙatar firjin, kuma da an faɗaɗa shi ko da kaɗan, wuta za ta yi girma, ta yi hayaƙi, gas ya riƙa ƙarewa da wuri, ba kuma za a iya mayar da shi yadda yake ba.

A saman wutar akwai bututun hayaƙi, cikinsa da wani murɗaɗɗen ƙarfe a rataye wanda ke rage saurin fitar zafi. Kunkunniya da tsatsa kan taru a ciki, su zubo su kashe wutar, ko su toshe hanya har wutar ta shaƙe. Ana zare ƙarfen, a rufe bakin wutar da ƙyalle, a goge bututun da dogon buroshi, a mayar da ƙarfen daidai inda yake. Wannan aiki ya fi gaban kiyaye sanyi. Wutar da ba ta samun iska tana fitar da iskar nan mai guba marar wari marar launi, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Don haka ba a kwana ɗaki ɗaya da firjin gas, ko da maigadi ne a daren sanyi.

Iska ma na kashe wutar. Firjin da aka ajiye daidai ƙofa, ko ƙarƙashin taga, ko gaban fanka, wutarsa ba za ta zauna ba, kuma an fi ganin haka lokacin guguwar farkon damina. A matsar da shi, amma a bar masa tazara daga bango, kada kuma a toshe bayansa da kwali wai don kare iska.

Akwai wani nau'i da ke rikita mutane. Wuta tana ci da kyau tun yamma, sai tsakar dare ta mutu. Abin da ke faruwa shi ne, idan cikin firjin ya yi sanyin da ake so, na'urar daidaita sanyi kan rage wutar ta koma ƙarama ta wata 'yar hanya ta daban. Idan hanyar nan ta toshe, ko kan sandar tsaro ya yi nisa da ƙaramar wutar, sai komai ya tsaya. Ana iya gwadawa da rana: a juya makunnin sanyi zuwa ƙasa a tsaya a ga ko ƙaramar wutar za ta rayu.

Sai kuma tukunyar kanta. Jijjiga ta a ji motsi ba ya nuna yawan abin da ya rage. An buga nauyin kowace tukunya ba komai a jikinta, don haka a ɗora ta a sikeli a cire wannan adadi. Regileta da ta tsufa kan ba da gas a hankali ko da ƙarfi fiye da kima, tiyo kan lanƙwashe a bayan firji ko ɓera ya ci shi. Regileta ba a kwance ta a gyara, canzawa ake yi. Tukunya kuma a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta ƙayyade mata shekara 15.

Dabarar da ba mu yarda da ita ba

Akwai wata hanya da wasu ke bi idan sun gaji: a ɗaure maɓallin da waya ko roba, ko a tokare shi da itace, domin ya zauna a danne. Wutar za ta tsaya, gaskiya ne. Amma wanda ya yi haka ya cire abu guda da ke rufe gas idan wuta ta mutu. Ranar da iska ta kashe ta cikin dare, tukunyar za ta yi ta zuba har safiya a rufaffen ɗaki, sai ma'aikaci ya zo ya ƙyasta ashana. Jama'ar wannan ƙaramar hukuma ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da wuta ke yi. Gobarar tankar mai da ta auku a Majiya a daren 15 ga Oktoba, 2024, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 150, ba ta bar zukata ba. Man fetur ne a can, gas ne a nan, amma dukkansu tururinsu a ƙasa yake bi har ya tarar da wuta. Duk shugaban ɗakin shan magani ko mai unguwa da ya ga maɓalli a ɗaure, ya sa a rufe tukunyar nan take.

Alluran riga-kafi idan wuta ta mutu

Ana adana allurai a ɗakin shan magani tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, kuma ƙa'ida ce a duba ma'aunin zafi sau biyu a rana, safe da yamma, har ranakun hutu, a rubuta a takardar da ke manne a jikin firjin. Idan an tarar wuta ta mutu, a fara rubuta lokaci da abin da ma'aunin ya nuna, a rufe murfin, kada a yi ta buɗewa. Idan ba a shawo kan matsalar nan da nan ba, a kwashe alluran zuwa akwatin sanyi. A bar ƙanƙarar ta fara narkewa har a ji motsin ruwa a cikinta kafin a jera, domin allurar penta da ta ciwon hanta da ta sarƙewar haƙora daskarewa na lalata su kamar yadda zafi ke lalata ta shan inna. A jikin kwalabe akwai alamar murabba'i a cikin da'ira. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai cinye allurar ba. Idan launinsu ya zama ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, ba a yi wa yaro ita. A ware ta, a sanar da jami'in kula da sanyin allurai na ƙaramar hukuma. Ɓoye irin wannan don tsoron faɗa ya fi asarar kwalaben muni, domin uwar da ta tako daga Kwalam ko Ajaura ta koma gida da yaƙinin an kare ɗanta alhali ba a kare shi ba.

Bayan an gyara, ba a mayar da allurai da zarar wuta ta kama. Irin wannan firji na ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya yi sanyi, sai ma'auni ya zauna tsakanin 2 da 8. A kuma tabbatar yana zaune daidai ba karkace ba, ta hanyar ɗora faranti da ruwa a kansa, domin karkataccen firji wutarsa na ci amma ba ya sanyi.

Ga jami'an ƙananan hukumomi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar sayen firjin gas da na kananzir domin allurai, kuma a shekarun baya-bayan nan an raba wa cibiyoyin lafiya da dama a faɗin ƙasar nan firji mai aiki da hasken rana kai tsaye ba tare da batir ba. Inda tsohon ya rage, ko a matsayin na ko-ta-kwana, ya kamata a tanadi tukunya biyu, da sandar tsaro da jet na ajiya, a kuma sa a share bututun hayaƙi kafin hunturu da bayansa. Idan kuwa aka ji wari mai yaji mai sa hawaye, ko aka ga wani gari mai launin rawaya a jikin bututan baya, amoniya ce ta fita. Wannan ba ya gyaruwa a wurin mai walda, kuma haɗari ne a kusanto shi da wuta. A rufe gas, a buɗe ɗakin ya sha iska, a rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma domin a ɗauke shi.